Haɗin gwiwar ƙera jiragen yaƙi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Idan an haɗa jirgi a ƙasa, ta mallaki fasaharsa ke nan?

A'a. Ɗaure sassan da aka aiko maka a akwati daban, ƙira daban. Indiya ta daɗe tana haɗa Su-30MKI na Rasha a Nashik, amma nata jirgin, Tejas, da injin kamfanin GE na Amurka yake tashi.

Me ya sa ake haɗa hannu tun farko?

Kuɗi. Birtaniya, Jamus, Italiya da Sifaniya ma sai da suka haɗu kafin jirgin Eurofighter ya samu.

Mene ne ba a bayarwa?

Inji da manhajar da ke sarrafa jirgin. Ruwan farfelar cikin inji na juyawa ne a zafin da ya isa ya narkar da shi, abin da ke tsare shi iska ce mai bi ta ƴan mitsi-mitsin ramukan jikinsa. Wa zai ba ka sirrin zuba wannan ƙarfe don ka sayi jirage talatin? Ku daina mafarki.

To ƙasa mai tasowa da wa ya kamata ta ƙulla?

Nan kam ba amsa ɗaya. Ya danganta da abin da take nema, da kuma wanda take iya ɓata wa rai. Brazil ta sa hannu da kamfanin Saab na Suwidin a 2014 kan jiragen Gripen 36, injiniyoyinta suka je Suwidin suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu ƙirar. A ganina wannan ya fi tulin takardun zane amfani, domin ilimin a hannun mutum yake zama. Amma injin Gripen na Amurka ne, kenan akwai mai ta cewa na uku. Pakistan da Sin sun yi JF-17, wanda ya fara tashi a 2003, ana haɗa shi a Kamra ta Pakistan, sai dai da injin Rasha ya fito. Koriya ta Kudu kuwa a 2015 Amurka ta hana ta fasahohi huɗu, har da radar, ta zauna ta yi tata, jirginta KF-21 ya tashi a 2022. Kada ku yi saurin cewa kowa ya kwaikwaye ta: tana da masana'antar lantarki tun kafin nan. In za a bi tawa, a duba kwangila, a ga ko za ka iya ɗora wa jirgin makamin da kake so ba tare da neman izini ba. Shi ma ba tabbas ba ne, siyasa tana juyawa.

Ana iya korar abokin aiki?

Ƙwarai. Turkiyya ta kasance tana ƙera ɗaruruwan sassan jirgin F-35 na Amurka, ta sayi makamin kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha, aka cire ta a 2019.

Idan an rabu, aiki ya mutu?

Kwantar da hankalinka. Faransa ta fice daga aikin Turai da ya haifar da Eurofighter a 1985, ta ƙera Rafale ita kaɗai.