Lissafin maki da ƙididdiga a farkon tseren motoci na NASCAR

Lissafin maki shi ne hanyar da hukumar NASCAR ta Amurka ke bi wajen fitar da zakaran shekara a tseren motocin kasuwa, waɗanda a farkon gasar motoci ne irin waɗanda kowa zai iya saya a wurin dillali. An aza harsashin hukumar a wani taro da Bill France, wani mai shirya tseren motoci, ya kira a otal ɗin Streamline da ke Daytona Beach ta jihar Florida a watan Disamba na 1947, aka yi mata rajista a watan Fabrairu na 1948. Kafin nan kowane mai shirya tsere yana da nasa zakaran, kuma wasu daga cikinsu sukan gudu da kuɗin ƙofa tun kafin a biya direbobi. Saboda haka tsarin maki na farko bai tsaya ga auna gudu kaɗai ba, ya kasance har ila yau igiyar da hukumar ke riƙe direbobi da ita.

Maki gwargwadon kuɗi

Daga 1949 zuwa 1951 yawan makin tsere ya dogara ne ga yawan kuɗin da aka ware masa. Tseren da aka sa wa dala 4,000 yana ba na ɗaya maki 200, na biyu 180, na uku 160, a ci gaba da raguwa a haka, kuma idan kuɗin ya ƙaru makin ma ya ƙaru. Tseren farko na rukunin Strictly Stock, wato na motocin da ba a yi wa wani sauyi ba, wanda aka yi a filin tsere marar kwalta na Charlotte ranar 19 ga Yuni, 1949, dala 5,000 aka ware masa. Glenn Dunaway ne ya fara isa, amma da masu duba motoci suka leƙa ƙarƙashin Ford ɗinsa sai suka ga an taɓa sifirin na baya, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, irin gyaran da masu fasa-ƙwaurin barasa ke yi domin mota ta ɗauki nauyi. Aka soke nasararsa, aka ba Jim Roper, wanda ya taso tun daga Kansas da mota ƙirar Lincoln. Ke nan layin farko na kundin tarihin gasar ma ba a kan fili aka rubuta shi ba, a wurin binciken mota ne. Tsere takwas aka yi a shekarar, kuma Red Byron ya zama zakara da maki 842.5, Lee Petty na biye masa da 725.

Kakar 1950, wadda a cikinta aka sauya wa rukunin suna zuwa Grand National, ita ce ta fi fito da aibin tsarin fili. A ranar 4 ga Satumba aka yi tseren Southern 500 na farko a Darlington, mil 500 a kan kwalta, motoci 75 suka shiga, kuɗin gasa kuwa dala 25,000, abin da ya kai makin na ɗaya zuwa 1,250. Johnny Mantz ya lashe shi da mota ƙirar Plymouth mai tayoyi masu tauri, yayin da abokan hamayyarsa ke ta tsayawa sauya taya. Tsere uku kacal ya shiga cikin 19 na shekarar, amma ya ƙare a matsayi na shida. A gefe guda kuma hukumar ta zaftare wa Lee Petty maki 809 saboda ya shiga tseren da ba nata ba, ta kuma yi wa Red Byron irin wannan hukunci. Kambun ya faɗa hannun Bill Rexford, ɗan shekara 23, wanda tsere ɗaya ya ci a Canfield ta jihar Ohio. Ya tara maki 1,959, Petty kuwa ya ƙare da 1,590, kuma duk wanda ya mayar masa da abin da aka cire zai ga inda kambun zai je da ba a yi hukuncin ba.

Daga 1952 aka faɗaɗa rabon maki zuwa matsayi 25, aka rage tazarar da ke tsakanin matsayi da matsayi, sai dai kuɗi bai daina zama ma'auni ba har 1967. Sakamakon haka direban da ke halartar kowane tsere yana gamawa lafiya ya fi mai yawan nasara riba. Ned Jarrett ya zama zakaran 1961 da nasara ɗaya, haka kuma a 1963 Joe Weatherly ya ɗauki kambu da nasara uku, yana yawo a motocin masu gida daban-daban har tara, alhali Richard Petty ya ci tsere 14.

Ƙirgen zagaye

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan takarda da fensir. Kowace mota tana da mai ƙirga mata zagaye, sau da yawa matar direban ko wani ɗan'uwansa, wanda ke zaune a rumfa yana rubuta lokacin da agogo ya nuna duk sa'ad da motar ta wuce. A filin tsere marar kwalta mai rabin mil, inda ƙura ke turnuƙewa kuma motoci ke wuce juna da cikakken zagaye ba ƙaƙƙautawa, kuskure ba abin mamaki ba ne. A tseren Daytona 500 na farko a 1959 an ayyana Johnny Beauchamp a matsayin wanda ya ci, sai bayan kwana uku na nazarin hotuna aka miƙa nasarar ga Lee Petty. A wannan shekarar a Lakewood ta Atlanta aka ɗaga wa Richard Petty tutar nasara, mahaifinsa Lee ya nemi a sake ƙirge, kuma aka ba uban gaskiya. Mafi ɗaci shi ne na Jacksonville ranar 1 ga Disamba, 1963, inda aka ba Buck Baker kofi, daga baya aka tabbatar Wendell Scott, direba baƙar fata, ya riga kowa da zagaye biyu, a lokacin da jama'a sun watse.

Sauye-sauyen baya

Tsakanin 1968 da 1971 aka koma auna maki da tsawon tsere, inda na ɗaya ke samun 50, 100 ko 150. A 1972 aka rage tsere daga 48 zuwa 31, aka gwada tsare-tsare masu rikitarwa na shekara uku, kafin a karɓi tsarin Bob Latford a 1975, wanda ya daidaita darajar kowane tsere ya ba na ɗaya maki 175.

Masu kwatanta alƙaluma suna taka-tsantsan da wannan zamani, domin kakar 1964 kaɗai tsere 62 ce, kuma daga 1959 zuwa 1971 tseren share fage na Daytona ma ana lissafa shi a matsayin cikakkiyar nasara. Kundin bai rufu ba tukuna: a watan Oktoba na 2024 ne NASCAR ta amince da nasarar da Bobby Allison ya samu a filin Bowman Gray a 1971, jimillarsa ta tashi daga 84 zuwa 85.