Daskarar da jijiyoyin jini da ajiyarsu

Daskarar da jijiyoyin jini hanya ce ta adana jijiyar da aka ciro daga jikin mutum, yawanci mamaci da danginsa suka yarda, har ranar da za a dasa ma wani ko a yi bincike da ita.

Tarihi

Likitan Faransa Alexis Carrel ne ya fara gwada ajiye jijiyoyin dabbobi cikin sanyi yana dasa su, ya samu kyautar Nobel a 1912 kan ɗinkin jijiya da dashe. Wajen 1948 Robert Gross a Boston ya dasa ma marasa lafiya jijiyoyin mutane da aka adana, sai a 1951 Charles Dubost a Paris ya cire ɓangaren babbar jijiyar ciki da ta kumbura ya sa ta mamaci a wurin. Amma a firigo jijiya ba ta wuce ƴan makonni, wadda aka dasa ɗin ma takan lalace bayan shekaru, shi ya sa da jijiyar roba ta Dacron ta fito cikin shekarun 1950 kusan kowa ya koma kanta. Abin da ya gyara lamarin shi ne magungunan da ke hana ƙanƙara yaga ƙwayoyin nama, gilisarin a 1949, DMSO kuma a 1959.

Yadda ake yi

Ana gwada jinin mai bayarwa saboda sida da ciwon hanta, a jiƙa jijiyar cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa DMSO wajen kashi 10 cikin ɗari, sannan a sauke sanyin a hankali, kamar digiri 1 a minti. Daga nan sai a ajiye ta cikin tulun azot, wato iskar nitirojin da aka sanyaya har ta zama ruwa mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, irin dai tulun da likitocin dabbobi ke ajiye maniyyin bijimi. Tulun ba ruwansa da kuran, abin da ɗan Damagaram zai gane darajarsa a zafin Afirilu, sai dai azot ɗin na ƙafewa dole a riƙa ƙarawa. Wajen narkarwa ma in aka yi gaggawa jijiyar na iya tsagewa.

Amfani

An fi neman ta in jijiyar roba ta kamu da ƙwayoyin cuta, ko majiyyaci ba ya da lafiyayyar jijiyar ƙafa da za a ɗauka daga jikinsa.

Hukunci

Malamai sun saɓa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta dashe daga mamaci a Jidda a 1988, da sharaɗin izininsa ko na magadansa, kuma ban da sayarwa.