Wa Zai Koya wa Malamin? Tambayoyi Kan Horar da Masu Yaƙi da Fataucin Mutane

Me ake nufi da horar da masu horarwa?

Babu hukumar da za ta iya kwashe dukkan 'yan sandanta, da jami'an shige da fice, da sufetocin ƙwadago, ta zaunar da su gaban ƙwararre ɗaya. Shi ya sa ake tsamo kaɗan daga ciki, a ba su ilimin, a kuma koya musu yadda ake koyar da manya. Su kuma in sun koma bakin aiki sai su koya wa abokan aikinsu. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wato UNODC, da Hukumar Ƙaura ta Duniya, IOM, suna shirya irin wannan bita a ƙasashe da dama.

Mene ne abu na farko da ya wajaba ya zauna musu a ka?

Ma'anar laifin kansa. Yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000, wato yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da fataucin mutane, wadda ta fara aiki a Disambar 2003, ta ɗora fataucin mutane a kan duwatsun murhu uku. Akwai aikin da aka yi: ɗaukar mutum, jigilarsa, ɓoye shi ko karɓarsa. Akwai hanyar da aka bi: barazana, tilas, yaudara, ko amfani da raunin da mutum yake ciki. Sannan akwai manufa, wato ci da guminsa, ko ta aikin tilas, ko karuwanci, ko bauta, ko cire sassan jiki.

Wurare biyu ne sabon malami ya fi yin tuntuɓe. In wanda abin ya shafa bai kai shekara 18 ba, ba a buƙatar tabbatar da hanyar. Aiki da manufa sun wadatar. Na biyu kuma, in an bi da yaudara ko tilas, cewa "ai da yardarta ta tafi" ba ta wanke mai laifi. Malamin da bai riƙe waɗannan biyun ba, kuskurensa ba a kansa zai tsaya ba, duk wanda ya zauna ajinsa zai ɗauka ya tafi da shi.

Ba ɗaya yake da fasa-ƙwaurin baƙin haure ba?

A'a, kuma yarjejeniyarsu ma daban-daban ce. Fasa-ƙwauri sai an tsallaka iyakar ƙasa, ciniki ne da yakan ƙare in an isa. Fatauci kuwa ana iya yinsa ba a bar unguwa ba. Sai dai tafiyar da ta fara da ciniki tana iya rikiɗewa, ranar da aka ƙwace fasfo aka ce sai an biya bashin da kullum ƙaruwa yake.

Wa ya dace a zaɓa?

A ganina nan ne aka fi yin asara. Sau da yawa babban jami'i ake turawa saboda muƙami, ko wanda layin alawus ya zo kansa, alhali saura ƙiris ya yi ritaya. Wanda ya dace shi ne wanda ya taɓa riƙe irin wannan bincike da hannunsa, yana da haƙurin saurare, kuma hukumarsa ta yarda ba za ta yi masa canjin wurin aiki da zarar ya dawo ba. In ba haka ba, ɗiban ruwa da kwando aka yi.

Yaya ajin yake kasancewa?

Mai kyau dai ba karatun doka ta majigi ba ne daga safe har yamma. Kwaikwayo ake yi. A ajiye kujeru biyu a tsakiya: ɗaya ya zama jami'i, ɗaya ta zama 'yar aikin gida da aka samu. Jami'in ya ce, "An yi fataucinki?" Ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Sai malami ya ɗaga hannu ya tsayar da su, ya ce a sake. Wannan karon a tambaye ta: ina kike kwana? Wa yake riƙe da takardunki? Yaushe rabonki da albashi? In kika ce za ki tafi yau, me zai faru? Irin waɗannan tambayoyi sun yi daidai da alamomi 11 na aikin tilas da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta lissafa, ciki har da riƙe takardu, hana albashi da ƙangin bashi.

A nan kuma ake koyon ƙananan abubuwan da ke rusa bincike: yin tambayoyi a gaban wanda ya rako ta, ko barin shi ya zama tafinta. Ana kuma gargaɗin jami'i kada ya ɗauki labarin da ya zo a hargitse a matsayin ƙarya, domin wanda ya sha wuya ba kasafai yake jero abin da ya faru daki-daki ba. Bayan wannan, kowane ɗalibi zai tashi ya koyar da darasin da kansa, 'yan uwansa su yi masa gyara. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In wanda aka ceto shi ma ya karya doka fa?

Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kada a hukunta mutum kan laifin da aka tilasta masa saboda fataucin, kamar shiga ƙasa da takardun jabu. Wanda aka kulle ba zai ba da shaida a kan ubangidansa ba.

Ta yaya za a gane horon ya yi amfani?

Ba da yawan takardun shaida ko hoton rufe taro ba. Bayan wasu watanni a koma a duba: aji nawa kowane malami ya gudanar, mutum nawa aka miƙa wa masu ba da mafaka da magani maimakon ɗakin tsaro, kuma fayil nawa mai gabatar da ƙara ya dawo da shi saboda an manta da ɗaya daga duwatsun nan uku.