Waiwaye: zazzaɓin bara na da hannu a na bana

Tun da aka tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengi a Sakkwato cikin Nuwamban 2023, duk damina sai gardamar ta taso a majalisun ƙauyukanmu na kwarin Haɗeja: yaro jiki zafi zau, gwajin maleriya bai nuna komai ba, to mene ne? Wasu suka ce sabuwar cuta ce. Ina! Tun shekarun 1960 aka gano ƙwayar dengi a Ibadan, aka kuma ba da rahoton zazzaɓin Zika a jikin mutum a Nijeriya tun 1954. Su biyun da cutar shawara dangin juna ne, kuma sauro mai ɗigon fari a ƙafa ke yaɗa su, wanda ke cizo da rana, yana ƙyanƙyasa a randa da tsohuwar taya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru a tsibirin Kyuba. Dengi iri huɗu ce. A 1977 iri na ɗaya ya mamaye tsibirin, jama'a suka sha jinya suka miƙe. A 1981 iri na biyu ya shigo, ya kashe mutum 158, yara 101 a ciki. Da likitoci suka bi diddigi, sai suka ga mai tsananin, har da zubar jini, kusan duk kan waɗanda suka yi na farko ya faɗa. 'Yan shekara ɗaya da biyu, da aka haifa bayan annobar farko, suka tsira daga gare shi. Wato garkuwar da jiki ya tanada takan kama sabuwar ƙwayar ba ta kashe ta ba, sai ma ta yi mata jagora cikin ƙwayoyin jini. Zuma ta zo da harbi. A 1997 ma, a birnin Santiyago na Kyuba, manyan da suka yi iri na ɗaya shekara 20 baya ne suka fi jigata.

Tsakanin dangin ma haka: bincike a ƙasar Nikaraguwa ya nuna wanda ya taɓa yin dengi yakan samu sauƙin Zika, amma wanda ya yi Zika ya fi shiga haɗarin dengi mai tsanani.

Mu kuwa wa ya san wanne ya taɓa yi? Ranar kasuwa na ga dattijo ya kawo jikansa kemis. Mai shagon ya taɓa goshin yaron da bayan hannu, ya ce, "Baba, maleriya ce da taifot," ya ƙulla ƙwayoyi a leda. Dattijon ya ce, "Bara ma haka ka ce, ɗana." Ba kati, ba rubutu.