Giɓin ringin fistin: tambayoyin da yaran gareji ke yi mini a Suame Magazin

Yawancin aikinmu a Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi, na tasi ne da tororo, wato ƙananan bas na haya, kuma a can sai ka sayi ringi daidai da silinda ka saka. Amma yanzu samari suna kawo injina suna so a ɗora musu turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, ringin irin wannan aiki kuma sau da yawa da gangan ake yin sa a matse, don makanike ya goge shi da kansa. Ringi zoben ƙarfe ne da ke zagaye fistin, giɓi kuma shi ne ratar da ke tsakanin bakinsa biyu in ya zauna a silinda. Ga abin da yarana suka fi tambaya.

Masta, me ya sa ake barin giɓi? Ba ta nan iska za ta gudu ba?

Ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake yi. Ringin sama yana dab da inda fetur ke ƙonewa, ita kuwa silinda ruwa na zagaya ta yana sanyaya ta, don haka ringi ya fi ta buɗewa. Giɓin da ka bari da sanyi shi ne wurin da zai miƙe. In wurin ya ƙare, bakin biyu su haɗu, ringi ya rasa inda zai je sai waje. Daga nan ya kankare bangon silinda, ko ya ɓalle kafaɗar fistin da ke riƙe da shi. Na taɓa buɗe injin da bai yi sati a titi ba, na tarar da bakin ringin yana ƙyalli kamar an wasa shi. Wannan ƙyallin shi ne shaidar sun haɗu.

To nawa za a bari?

Faɗin silinda za ka ninka da wani adadi, adadin kuma zafin da injin zai sha ne ke yanke shi. Ga ringin sama, injin titi marar turbo akan ninka da 0.004 zuwa 0.0045. In an sa turbo mai matsakaicin ƙarfi, a tashi zuwa wajen 0.005 ko 0.0055. Mai turbo sosai ko mai gas ɗin naitiros na ƙara wa injin ƙarfi, 0.006 zuwa 0.007.

Takardun Amurka da inci suke rubutawa, sai yara su rikice, alhali lissafin ɗaya ne da milimita. Ɗauki 2JZ na Toyota ko K20 na Honda, dukansu faɗin silindarsu milimita 86 ne. Ninka 86 da 0.0045, ka samu kusan 0.39. Ninka da 0.006, ka samu kusan 0.52. Dukan rigimar a kan abin da bai kai kaurin farce ba ake yin ta.

Amma takardar da ke cikin kwalin fistin ta fi maganata. Akwai fistin mai yawan silikon da ke neman giɓi fiye da wannan, kuma kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta.

In giɓin ya yi yawa fa?

Iska kaɗan za ta zarce ƙasa, baƙin mai ya ɗan yi saurin datti. Direba ma da wuya ya ji bambanci. Matsewa kuwa cinye injin take yi gaba ɗaya. Don haka in ina tababa tsakanin lamba biyu, babbar nake ɗauka, musamman ga motar da za ta tsaya cunkoson Kejetia da rana tsaka, sannan mai ita ya hau hanyar Accra ya taka ta.

Ringi na biyu bai kai na sama zafi ba, me ya sa kake ba shi giɓi mafi faɗi?

Da, mu ma ƙarami muke ba shi, haka aka koya mana. Daga baya aka gane cewa iskar da ta ratsa ringin sama, in ta tarar da na biyu a toshe, sai ta taru a tsakaninsu ta ɗaga na saman daga mazauninsa, ya riƙa karkarwa ya daina riƙe matsi. Shi ya sa yanzu ake ƙara wa na biyu kaɗan a kan na sama, iskar ta samu hanyar wucewa. Siraran ringin mai kuwa ba a cika goge su ba, a dai tabbatar sun kai milimita 0.38.

Yaya ake aunawa da gogewa?

Saka ringin a silindar da zai zauna, ka juya fistin ka tura shi ƙasa kamar milimita 25 don ya zauna daidai, sannan ka zura fila geji, siraran ƙarafan auna rata, a cikin giɓin. In silinda tsohuwa ce, irin ta injin hom yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, saman ya fi cinyewa, sai ka auna can ƙasa inda ta fi matsewa.

Gogewa kuma baki ɗaya ake yi wa, daga waje zuwa ciki, don kada magagari ya ɓamɓare rufin da ke fuskar ringin. Goga kaɗan, auna, sake gogawa. Wanda ya wuce ba ya dawowa. In ka gama, ka bi gefen da dutsen wasa wuƙa mai laushi ka cire kaifin, ka wanke, ka rubuta lambar silinda a jikin ledar da za ka ajiye shi.

Dole ne a rarraba giɓin kada su yi layi ɗaya?

Ka rarraba yadda takarda ta nuna. Amma ringi juyawa yake yi in injin na aiki, don haka in ka buɗe bayan shekara ka tarar sun matsa, kada ka zo kana zargin yaron da ya ɗaura su.