Waiwaye: Yaushe Jini Ya Shiga Fina-finan Yaƙi?

Tun da fim ɗin Jamus All Quiet on the Western Front ya lashe kyautar Oscar huɗu a 2023, gardamar ba ta lafa ba. Wasu na cewa nuna hanji da guntulallun gaɓoɓi neman kasuwa ne kawai, wasu kuma na ganin duk wanda ya ɓoye jini ya yi wa yaƙi kwalliya. Abin da ke damuna shi ne yadda kowane ɓangare ke magana kamar jiya aka fara.

Tun a 1930, fim na farko mai wannan suna ya nuna hannaye biyu riƙe da wayar ƙaya, mai su kuwa bam ya tashi da shi. Daga 1934 aka tsaurara ƙa'idar tace fina-finai a Amurka, sai mutuwa ta koma tsaf-tsaf: soja ya dafe ƙirji ya faɗi, rigarsa ko ɗigon jini babu.

Inda labarin ya juya, wanda ba a cika ambata ba, shi ne 1943. Kusan shekara biyu Amurkawa suna Yaƙin Duniya na Biyu ba a buga hoton gawar sojansu ba. A watan Satumba mujallar Life ta fito da hoton sojoji uku kwance a gaɓar Buna da ke Niyu Gini, yashi ya fara binne su, ba a ganin fuskar kowa. Bayan wata biyu aka gwabza a Tarawa, wasu ƙananan tsibirai a tekun Pasifik. Ruwa ya janye, kwale-kwale suka maƙale a kan duwatsun ƙarƙashin teku, dole sojoji suka sauka suka taka da ƙafa, ruwa iya ƙirji, harsashi na zuba. Cikin sa'o'i 76 aka kashe sojojin Amurka kimanin 1,000, na Japan kuwa 17 kacal aka kama da rai.

Masu kyamara suna cikin ruwan tare da sojojin Amurka. Abin da suka ɗauko aka harhaɗa ya zama ɗan gajeren fim mai launi, With the Marines at Tarawa, wanda bai wuce minti 20 ba. A ciki akwai gawarwaki suna yawo a bakin ruwa, igiyar ruwa na kai su tana dawo da su. Sai da maganar ta kai ga Shugaba Roosevelt, ya tuntuɓi ɗan jarida Robert Sherrod wanda ya ga yaƙin da idonsa, kafin a saki fim ɗin a 1944. Ka ƙaddara uwa zaune a silima, ɗanta yana can fagen daga, tana ƙura wa kowace gawa ido. A ganina, daga wannan rana mutuwar wasan kwaikwayo ta fara rasa masu gaskata ta, domin idon da ya ga na gaske ba ya mantawa.

Sauran duk sun biyo sawu ne. Talabijin ta kawo yaƙin Biyetnam cikin falo, a 1968 aka maye gurbin tsohuwar ƙa'ida da tsarin rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo. Da darakta Steven Spielberg ya zo yin Saving Private Ryan a 1998, hotunan masu kyamarar Yaƙin Duniya na Biyu ya kwaikwaya: kyamara na rawa, launi ya koɗe, ruwa da jini na fantsama a gilashinta. Har mutanen da suka rasa hannu ko ƙafa aka ɗauka suka fito a matsayin waɗanda bam ya tarwatsa. Abin ya taɓa tsofaffin sojoji sosai, har aka buɗe layin waya na musamman domin waɗanda kallon ya tayar musu da tsohon miki.