Waiwaye: ta ina "sati" ya shigo Maraɗi?

Kwanakin nan bakwai da ke kewayowa ba fashi suna uku gare su a bakin mutanen Maraɗi. Wani ya ce mako, wani ya ce sati, tsofaffi kuwa sau da yawa bakwai kawai suke cewa: "ya yi bakwai biyu yana kwance."

Sunayen ranakun ba su da wuyar bin sawu. Da Musulunci suka zo, daga Larabci. Lahadi ɗaya ke nan, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, lissafi ne tsagwaronsa. Juma'a ce ta fita daga ƙidaya, ita ranar taruwa ce. Asabar kuma daga as-sabt, dangin kalmar da Yahudawa ke kiran ranar hutunsu da ita. Sun zauna daram har sun zama sunan mutane: Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Ɗanjuma, Asabe.

Sati ne baƙon da ya fi ban mamaki. Masana harshen Hausa sun ce daga Saturday ta Ingilishi aka gutsuro shi, ita kuma sunan Saturn take ɗauke da shi, wani abin bautar Rumawan dā. Sunan rana guda ya haɗiye sauran shida. A ganina biyan lebura ne ya jawo haka: wanda ake sallama ran Asabar, daga biya zuwa biya yake ƙirga kwanakinsa.

To amma Faransa ce ta mulki Maraɗi har 1960, ba Ingila ba. Me ya hana samedi ko semaine, wato Asabar da mako a Faransanci, samun wannan gurbi? Hanyar Katsina. Katsinawan da suka baro gida bayan jihadi su suka kafa sarautar Maraɗi a farkon ƙarni na 19, kuma iyakar da Turawa suka shata daga baya ba ta tsayar da fatake ba. Ta Ɗan Isa da Jibiya kaya ke ƙetarowa, magana na biye da su, yadda kalmar "mota" ta shigo.

Faransanci ya tsaya a ofis da lakwal. A kasuwa kuwa, inda Litinin da Juma'a suke manyan ranakun ci a Maraɗi, mai bin bashi ba ya ma bukatar ko ɗaya daga cikin sunayen uku. "Rana ita yau" zai ce maka, kuma ranar zai dawo.